Abin da Hantsa Ke Karɓa Daga Jini

Duk ɗigon madarar da ya faɗa cikin ƙwarya, daga jini aka tace shi. Babu wata hanya da ta taso daga tumbi ta zarce cikin hantsa. Ruwa da sukari da mai da furotin da gishirin da ake harhaɗa madara da su, jini ne ke ɗauko su ya kai. Masana jikin dabba sun auna, sun tarar kafin a samu lita ɗaya ta madara sai jini lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsa. Saniyar Holstein mai nauyin kilo 600, jinin da ke jikinta gaba ɗaya bai wuce lita 40 da 'yan kai ba. Idan tana ba da lita 30 a yini, ilahirin jininta yana bi ta hantsa sau 300 ko fiye daga wayewar gari zuwa wata wayewar, kuma duk lokacin da ya wuce sai an ɗebi wani abu daga cikinsa.

Wannan ne ya sa jinin saniyar tatsa ya bambanta da jinin 'yar'uwarta da ba a tatsa, ko da garkensu ɗaya, ciyawarsu ɗaya, mashayarsu ɗaya. Bambancin kan yi tsanani har ya kwantar da ita, wani sa'in ya kashe ta, kuma galibi saniyar da ta fi kowace albarka ita ce ta fi shiga haɗari. A da, wannan damuwar manoman Turai da Amurka ce kawai. Yanzu da gonakin madara ke ƙaruwa a Kaduna da Jos da Kano, ana barbarar Bunaji da irin Friesian, ana kuma shigo da shanun waje, matsalar ta biyo shanun ta iso gida.

Hantsa ce ke ɗiba da farko

Jikin kowace dabba yana ƙoƙarin riƙe sinadaran jininsa a kan wani mizani. In sukari ya hau sai a sauko da shi, in gishiri ya yi ƙasa sai a ɗaga shi. To amma a shekarar 1980 wasu masana biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, Dale Bauman da Bruce Currie, suka fito da wani bayani da ya zama ginshiƙi a wannan fanni. Suka nuna cewa idan saniya ta haihu, jikinta yakan sauya tsarin rabon abinci ɗungurungum na tsawon watanni, ya ɗora hantsa a kan sauran gaɓɓai. Abin da hantsa ta rage shi ne rabon tsoka da kitse da ƙashi da mahaifa, wani lokacin ma su ake aikawa su ciyo mata.

Hikimar a fili take. Saniyar da ta haihu a tsakiyar rani, da jikinta zai ce sai ta ƙoshi kafin ta shayar, da maraƙi bai kwana bakwai ba. An halicce ta tana iya cin jikinta domin ɗanta ya rayu. Abin da ɗan Adam ya yi shi ne ya kama wannan baiwa ya yi ta ninka ta, yana zaɓen bijimai da shanun da suka fi madara, tsara bayan tsara. A Amurka, a 1944, matsakaiciyar saniya tana ba da kimanin kilo 2,000 na madara a shekara. A yau abin ya haura kilo 10,000. Hantsa ta ninka aikinta sau biyar, amma hantar da ke dafa mata sukari da ƙashin da ke ba ta kalsiyam ba su ninka haka ba.

Lokacin da wannan giɓi ya fi bayyana shi ne makonni uku kafin haihuwa da makonni uku bayanta. Yawancin cututtukan shanun tatsa a cikin waɗannan makonni shida suke ƙulluwa, ko da sai daga baya za su nuna kansu.

Sukari: cokali biyu a jini, kilo biyu a buƙata

Saniya ba ta samun sukari daga abinci yadda mutum ke samu. Abin da ta ci, ƙananan halittun da ke tumbinta ne suke fara cinye shi, su mai da shi wasu ruwaye masu tsami, waɗannan ne ke shiga jini. Daga ɗayansu, wanda ake kira furofiyonet, hanta ke ƙera mafi yawan sukarin da jiki ke amfani da shi. Shi ya sa ko lafiyarta lau, sukarin jinin saniya yana tsakanin miligiram 45 zuwa 75 a kowace desilita, adadin da in an gan shi a jinin mutum za a ce ya yi ƙasa.

Idan aka tattara sukarin da ke yawo a jinin babbar saniya a lokaci guda, bai kai giram 30 ba, wato kamar cokali biyu. Amma kowace lita ta madara tana cin kusan giram 70 na sukarin jini, mafi yawansa wajen haɗa sukarin madara, wanda shi ne ke jawo ruwa cikin hantsa ya ƙayyade yawan abin da za a tatsa. Saniya mai lita 30 tana buƙatar fiye da kilo biyu na sukari kullum domin hantsa kaɗai. Dole hanta ta yi ta ƙerawa dare da rana ba hutu.

Domin sukarin ya isa, jiki yakan yi wata dabara. Insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka da kitse, sai ya ragu a jini, tsoka da kitse kuma su rage sauraronsa. Ita hantsa ba ta jiran insulin kafin ta ɗauki sukari, ƙofarta a buɗe take. Ta haka sauran jiki ke ɗaure ciki, hantsa tana ɗiba. Likitan mutane zai ga kamannin wannan yanayi da ciwon sukari, sai dai a wajen saniya tsari ne na lafiya, muddin bai wuce kima ba.

Inda abin ke ɓaci shi ne madara tana gaba, ci yana baya. Yawan madara kan kai ƙololuwa tsakanin mako na huɗu da na takwas bayan haihuwa, amma cin abinci ba ya kai nasa ƙololuwar sai wajen mako na goma ko bayansa. A tsakani, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, sai saniya ta koma kan kitsen jikinta. Kitsen yana narkewa ya shiga jini, saniya tana zubewa, har takan rasa kilo 50 ko fiye cikin watanni biyu. Wani ɓangare na wannan mai hantsa ce ke ɗauka ta zuba a madara, shi ya sa madarar farkon tatsa takan yi maiƙo. Sauran kuwa hanta yake nufa.

Hantar saniya ba ta ƙware wajen fitar da man da ya yi mata yawa ba. Wanda ta iya ƙonewa ta ƙone. Wanda ta ƙone rabi da rabi ya zama abin da ake kira kiton, ya koma cikin jini. Wanda ya rage ya taru a cikinta, ta yi fari-fari, ta yi laushi, aikinta na ƙera sukari ya ragu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kiton kaɗan makamashi ne da tsoka ke amfana da shi. In ya kai milimol 1.2 a litar jini, likitocin dabbobi sukan ce cuta ta fara ko da ido bai gani ba. In ya kai wajen 3, saniya takan ƙi dusa ta riƙa tsintar ciyawa, madara ta ragu, kashinta ya bushe, numfashinta ya riƙa wari irin na ruwan goge jan farce. Wasu har sukan yi kamar sun taɓu, suna lasar bango, suna tafiya a karkace.

Wadda ta fi faɗawa cikin wannan hali ita ce saniyar da ta haihu da ƙiba. Mai kiwo yana ganin ya kyauta mata da ya cika ta da dusa tana da tsohon ciki, alhali saniya mai teɓa ta fi rage ci bayan haihuwa, ta kuma fi saurin zubo kitse cikin jini. A ma'aunin cikar jiki mai hawa biyar da ake amfani da shi a gonakin madara, ana son ta haihu tana wajen hawa na uku, ba ramammiya ba, ba kuma mai kitse ba.

Kalsiyam da zazzaɓin da ba zazzaɓi ba

Idan ƙarancin sukari a hankali yake cin saniya, ƙarancin kalsiyam farat ɗaya yake kayar da ita. Kalsiyam ɗin jinin lafiyayyar saniya yana tsakanin miligiram 8.5 zuwa 10 a desilita. In aka tara na ruwan jininta duka, kimanin giram 3 ne. Dakashi kuwa, wato kakkauran nonon farko, yana ɗauke da kusan ninki biyu na kalsiyam ɗin madara, sama da giram 2 a kowace lita. Saniyar da ta tara lita 10 na dakashi a ranar haihuwa ta fitar da fiye da giram 20, wato abin da ke jininta sau bakwai.

Ba wai babu ajiya ba. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi yake, kilo da yawa. Matsalar ita ce buɗe rumbun yana ɗaukar lokaci. In kalsiyam ya faɗi, wasu ƙananan ƙullutai da ke wuya sukan saki sinadarin faratayirod. Shi ke umartar ƙoda ta daina zubar da kalsiyam a fitsari, ya sa ta kunna bitamin D domin hanji ya ƙara tsotsa daga abinci, ya kuma tayar da ƙwayoyin da ke kankare ƙashi. Amsar hanji takan ɗauki kwana guda, ta ƙashi kwana biyu. Hantsa kuwa ba ta jira. Karsana mai haihuwar fari ƙashinta yana kan girma, yana saurin amsawa. Tsohuwar saniya mai haihuwa ta uku ko ta huɗu ta fi madara, ƙashinta kuma ya fi nawa. Irin Jersey sun fi sauran shanu kamuwa.

Tsoka ba ta motsi sai da kalsiyam, saƙon jijiya ma ba ya isa gare ta sai da shi. Da farko saniyar takan yi rawar jiki da tangaɗi. In abin ya sauka wajen miligiram 5, sai ta kwanta ta kasa tashi, ta lanƙwashe wuya ta ɗora kai a haƙarƙari, kunnuwa su yi sanyi, hanci ya bushe, tuƙa ta tsaya, kashi da fitsari su tsaya. Turawa sun sa wa ciwon suna zazzaɓin madara, amma jikin sanyi yake yi, zafinsa ƙasa yake sauka. In ba a kawo ɗauki ba, fiye da rabinsu mutuwa suke yi, wasu cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa saboda tumbi ya kumbura da iskar da ba ta iya gyatsawa.

Tarihin maganin wannan ciwo abin lura ne. A 1897 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Denmak mai suna Schmidt ya ɗauka guba ce ke taruwa a hantsa, sai ya riƙa ɗura ruwan magani mai aidin ta kan nono. Shanu suka riƙa tashi, mace-mace suka ragu ƙwarai. Ba a daɗe ba aka lura ko iska zalla aka hura cikin hantsar, saniya tana miƙewa, har famfon hura hantsa ya zama kayan aikin likitocin dabbobi na shekaru. Maganin yana aiki, dalilin da aka ba shi kuwa ba daidai ba ne. Abin da ke faruwa shi ne matsin da ke cikin hantsa yana tsayar da haɗa madara, sai jini ya samu sararin farfaɗowa. Sai a 1925 Dryerre da Greig a Edinbara suka danganta ciwon da faɗuwar kalsiyam, aka kuma auna jinin shanun da suka kwanta aka tabbatar. Daga nan aka koma yi wa saniya ƙarin ruwan kalsiyam ta jijiya, wanda har yau shi ne magani. Wanda ya taɓa gani ya san yadda abin yake: kwalbar ba ta ƙare ba saniya za ta fara karkarwa, ta yi gyatsa, ta yi kashi, sau da yawa ta miƙe cikin sa'a ɗaya ko biyu. Amma ruwan a hankali ake sa shi, likita yana sauraron zuciya, domin in aka yi gaggawa zuciyar yake tsayarwa. Saniyar da ta kwanta kuma ba a yi mata ɗure ta baki, saboda maƙogwaronta ya saki, abin da aka ɗura huhu zai tafi. Abin da mai ita zai yi kafin likita ya iso shi ne ya tokare ta da buhunan ciyawa ta zauna a kan ƙirjinta, kada ta baje a gefe.

Waɗanda ke faɗuwa su ne kaɗan, wajen biyar cikin ɗari a garkunan Amurka. Na ɓoye sun fi yawa. Wani bincike da aka buga a can a 2011 ya tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu haihuwar fari, da kusan rabin manyan shanu, kalsiyam ɗinsu yana sauka ƙasa da miligiram 8 bayan haihuwa alhali suna tsaye a kan ƙafafunsu. Tumbi tsoka ne, mahaifa tsoka ce, zoben da ke rufe kan nono bayan tatsa ma tsoka ne. Irin wannan saniya cinta raguwa yake yi, kiton ya biyo baya, mahaifa ta yi jinkirin komawa, ciki na huɗu ya iya gocewa daga mazauninsa, ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga hantsa. Ga shi sojojin jini su ma suna buƙatar kalsiyam da sukari, kuma a wannan makon ne suka fi rauni. Ciwo ɗaya ke jawo ɗan'uwansa.

An daɗe ana zaton rigakafin shi ne a cika wa mai tsohon ciki kalsiyam. Sai ta bayyana yin hakan yana sa ƙullutan wuya su yi barci, ranar buƙata su makara. Daga baya binciken Ender da Dishington a Nowe, da na Goff da Horst a Amurka a 1997, ya nuna babban mai laifi shi ne yawan potasiyam da sodiyam a abincin makonnin ƙarshe. Suna rage wa jini tsami kaɗan, kuma a irin wannan jini ƙashi da ƙoda ba sa jin kiran faratayirod sosai. Saboda haka a manyan gonaki ake ba mai shirin haihuwa wasu gishirai masu ƙara wa jini ɗan tsami, ana auna fitsarinta. Fitsarin saniya a ma'aunin tsami yakan zauna wajen 8. In ya sauko wajen 6 zuwa 6.5, an san abincin ya yi aiki.

Magniziyam, fosforas da garkuwar maraƙi

Magniziyam ba shi da rumbun da jiki ke iya buɗewa da sauri, ba shi da sinadarin da ke gadinsa kamar kalsiyam. Abin da tumbi ya tsotsa yau shi ne na yau. Ɗanyar ciyawa sabuwar tofowa, musamman a filin da aka zuba wa taki mai potasiyam, tana hana tsotsarsa. Saniyar tatsa da ta rasa shi takan firgita, tsokokinta su ɗaɗɗaure, ta faɗi tana shure-shure, a wasu lokutan sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Ƙarancinsa ko da kaɗan ne yana kuma dakushe aikin faratayirod, shi ya sa ba a raba maganar kalsiyam da ta magniziyam.

Fosforas kuwa kowace lita ta madara tana tafiya da kusan giram ɗaya. A ƙasashen da ƙasarsu ke da ƙarancinsa, shanu sukan koma taunar ƙashin mushe. Arnold Theiler ya bi diddigin wannan ɗabi'a a Afirka ta Kudu a farkon ƙarni na 20, ya gano ƙishin fosforas ke sa su, gubar da ke cikin ruɓaɓɓen ƙashin kuma ita ke shanye musu jiki. Ƙasar Sahel da ta yankin sabana ma matalauciya ce a fosforas, busasshiyar ciyawar rani ta fi talauci, kuma masu shayarwa su ke fara nunawa.

Akwai wani abin da jini ke bayarwa tun kafin haihuwa. Mahaifar saniya ba ta barin furotin ɗin garkuwa ya tsallaka daga uwa zuwa ɗan tayi, don haka maraƙi yakan faɗo duniya ba shi da kariya. A makonnin ƙarshe na ciki, hantsa takan kwashi wannan furotin daga jinin uwa ta tara a dakashi, har a ga ya ragu a jininta in an auna. Hanjin maraƙi yana iya tsotsarsa ne a sa'o'in farko kawai. Bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Duk dakashin da aka zubar ko aka yi jinkirin bayarwa, asara ce da uwa ta riga ta biya da jininta.

Karatun takardar gwaji

A 1970, J. M. Payne da abokan aikinsa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Compton a Ingila suka fito da wata hanya: a ɗebi jinin shanu bakwai daga masu yawan madara, bakwai daga masu matsakaiciya, bakwai daga waɗanda ba a tatsa, a kwatanta. Manufar ita ce a karanta lafiyar garke da ingancin abincinsa kafin wata ta faɗi. Darasin da ya tsaya daga wannan aiki shi ne lamba ɗaya ba ta da ma'ana sai an san kwana nawa ke nan da haihuwar saniyar.

Kolestarol misali ne mai kyau. Yakan yi ƙasa ranar haihuwa, ya yi ta hawa yayin da ci ke ƙaruwa, kuma hawansa a wajen saniyar tatsa alamar alheri ce. Wanda ya karanta shi da idon asibitin mutane zai tsorata a banza. Sinadarin yuriya yana bin yawan furotin da ke abinci da daidaituwarsa da makamashi. Albumin, wanda hanta ke ƙerawa, yakan ɗan ragu bayan haihuwa, in ya daɗe a ƙasa sai a tuhumi hanta ko abinci. Yawan jajayen ƙwayoyin jini ma kan ɗan sauka a tsakiyar tatsa. Hatta inda aka ɗebi jinin yana sauya sakamako. Na babbar jijiyar da ke ƙarƙashin ciki ya riga ya ratsa hantsa, an kwashe masa sukari. Na jijiyar wuya fosforas ɗinsa kan yi ƙasa da na jijiyar wutsiya, domin ƙullutan yawu sun ɗiba. Kwalbar jinin da ta wuni a aljihu cikin zafin rana kuma, ƙwayoyinta sun cinye sukarin kafin a isa ɗakin gwaji.

Da shanun suka iso gida

Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak ba su cika faɗuwa da zazzaɓin madara ba. Saniyar ruga abin da mai tatsa ke samu daga gare ta bai fi lita ɗaya zuwa biyu a yini ba bayan rabon maraƙi, kuma in abinci ya yi wuya takan rage madarar ta tsira da ranta. Amma ita ma tana biya, ta wata fuska. Wadda ke shayarwa a watan Maris da Afrilu tozonta kan kwanta, haƙarƙari ya fito, ga kaska da sammore da tsutsar hanta suna rage mata jini. Idan sukari da insulin suka daɗe a ƙasa, ƙwan mahaifa ba ya nuna, sai ta ƙi neman bijimi. Wannan na cikin dalilan da suka sa tazarar haihuwa a garkunan makiyaya take kai kusan shekara biyu. Makiyaya sun daɗe da sanin jinin mai shayarwa yana neman gishiri: ga kanwar da ake jiƙa wa shanu, ga tafiyar da ake yi zuwa Ingal a Nijar a ƙarshen damina domin lasar ƙasa mai gishiri. Sai dai kanwa sodiyam take bayarwa, ba ta toshe giɓin fosforas.

Saniyar waje da 'yar barbara lissafinsu daban ne. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta shafe shekaru tana haɗa Friesian da Bunaji, kuma 'ya'yan sun fi iyayensu mata madara nesa ba kusa ba. Amma duk yadda jinin waje ya ƙaru, haka halin fifita hantsa ke ƙaruwa. Holstein ba ta saurin rage madara don abinci ya gaza. Za ta ci gaba da zubarwa tana cin naman jikinta har ta kwanta. Zafi kuma yana ƙara mata nauyi. Tun daga wajen digiri 25 take fara takura, a Kano da Sakkwato kuwa watan Afrilu yakan haura 40. Cinta ya ragu, gumi ya tafi da potasiyam, haki ya dagula daidaiton tsamin jini. Sanyin Jos da Mambila yana rage wannan wahala, amma bai ɗauke buƙatar kalsiyam ta ranar haihuwa ba.

Har al'adar da ke taimakon saniyar gida tana iya cutar da baƙuwa in aka yi ta ba a lokacinta ba. Kanwa tana rage wa jini tsami. Ga saniyar da ke tsakiyar tatsa tana cin dusa da yawa, wannan gyara ne ga tumbinta. Ga babbar Friesian da ya rage mata mako biyu ta haihu, shi ne ainihin abin da ke toshe kunnen ƙashinta. Harawar wake da ta gyaɗa ma, da yake suna da kalsiyam mai yawa, sun fi amfani bayan haihuwa fiye da gab da ita.

Abin da ake buƙata ba duka ne mai tsada ba. Ƙaramar na'urar da masu ciwon sukari ke auna kiton da ita tana aiki a kan ɗigon jinin wutsiya, ta ba da amsa cikin daƙiƙu. Takardar auna tsamin fitsari ba ta da wani kuɗi. Kwalbar kalsiyam a ajiye, da lambar likitan da zai iya zuwa da dare, su ne bambanci tsakanin saniyar da ta miƙe da wadda aka yanka don gudun mushe. Sauran duk lura ce: a ware mai tsohon ciki makonni uku kafin lokacinta, a hana ta ƙiba, a saba mata da abincin da za ta ci bayan haihuwa, a ba ta inuwa da ruwa wadatacce, a kuma duba kowace safiya ko tana tuƙa.

Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, kuma maganar rage shigo da madarar gari ta sa inganta iri ya zama abin da ake yawan ambata. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa zai sayi saniyar waje, tambayarsa ta farko takan zama lita nawa take bayarwa. Lita 25 a yini na nufin sukari kusan kilo biyu daga hanta, kalsiyam wajen giram 30, fosforas sama da giram 20, da ruwan sha da kan kai lita 100 a lokacin zafi, kullum, har ranakun da dusa ta yi tsada da ranakun da famfo ya lalace. Wanda ya tanadi waɗannan zai ga nagge daɗi goma. In bai tanada ba, saniyar za ta ciro su daga ƙashinta da tsokarta ta zuba masa a bokiti na 'yan makonni, kafin wata safiya a same ta kwance.